Lissafin juyen mashin ɗina, daga Disamba zuwa damina

Asabar, 7 ga Disamba 2024

Yau na ɗauko sabon Boxer, Alhamdulillah. Mita na nuna kilomita 3, shi ma yaran da suka haɗa shi ne suka ɗan zaga da shi bayan shago.

Dalilin buɗe wannan littafin shi ne tsohon mashin ɗina, wanda injinsa ya buga min a hanyar Kalgo cikin watan Satumba, da rana tsaka, na tura shi har gumi ya jiƙa min hula. Da aka buɗe injin abun da muka tarar ba mai ba ne, wani baƙin kwaɓi ne kaman kwalta, ko rabin gwangwanin madara bai cika ba. Bakanike ya tambaye ni yaushe rabona da juye, wato canza baƙin man inji, wallahi na tsaya ina ƙirga da Sallah, wai ko kafin babbar Sallah ne ko bayanta. Kuɗin rin da fistin da sauran tarkace ya ci min buhun shanshera biyu, kuma duk da haka mashin ɗin bai koma daidai ba, hayaƙi yake ta salansa har na gaji na sayar. Saboda haka wannan karon komi zan rubuta: ranar juye, abun da mita ta nuna, irin man da na zuba da nawa na saya.

Zirga-zirgata dai sananniya ce. Gida a Badariya, wurin aiki cikin gari, fadama sau uku ko huɗu a sati tunda noman rani ya kama, sai Jega jefi-jefi in akwai sayayya. In an haɗa an raba bai wuce kilomita 40 a rana ba.

Juma'a, 20 ga Disamba

Juyen farko, mita 540. Littafin da ya zo da mashin da mai shagon duk bakinsu ɗaya, na farko ana yinsa da wuri wajajen kilomita 500, dan sabon inji ƙarafansa ba su gama sabawa da juna ba, suna goga suna zubar da gari. Na ce wa yaron shago ya tara min a kwano mai tsabta kar ya zuba a wancan baƙin galan ɗin da aka yanke. Na fito da kwanon rana na karkata shi, sai ga wani ƙyalƙyali a ƙasa kaman an barbaɗa garin kwalli mai sheƙi. Na nuna wa bakanike a tsorace, ko ɗagowa bai yi sosai ba yace "Malam wanga ba komi ba na, in ka gane shi a juye na uku sannan ka zo mu yi magana."

Lita ɗaya ya sha, 20W-50, naira 4,500.

Sai gardama ta tashi a rumfar kan yaushe zan dawo. Bakanike yace duk sati biyu. Wani ɗan kabu-kabu da ke jiran a ɗaure masa birki yace shi duk Juma'a yake yi, wanda ya wuce haka bai son mashin ɗinsa. Wani dattijo ma'aikaci yace shi sai mai ya yi baƙi. Littafin kamfani kuma ya ba da tazara mai nisan da in na faɗa a rumfar dariya za su min, ko da yake a ƙasa da ƙananan baƙi ya ce in wurin ƙura ne a riƙa yi da wuri. To ina ne wurin ƙura in ba Kebbi da hunturu ba? Mutum huɗu amsa huɗu, na biya na taho.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Ba juye yau, karatun galan na zauna yi, dan na gaji da shiga shago ina cewa a ba ni "mai kyau" kaman mai sayen manja.

Abun da na fahimta ga shi. 20W-50 ɗin nan lamba biyu ce a haɗe. Ta farkon mai W tana faɗin yadda man ke gudu in yana da sanyi, kaman da asuba kafin inji ya ɗumama, in lambar ta yi ƙasa ya fi saurin zagayawa. Ta biyun kuma kaurinsa ne in ya ɗau zafi, a digiri 100 ake auna shi. Wanda aka rubuta SAE 40 ko SAE 50 kawai ba W, lamba ɗaya gare shi, da sanyin asuba yana da nauyi kaman zuma kafin ya hau sama inda ake buƙatarsa, kuma inji na cin kansa sosai a farkon tayarwa kafin ya ɗumama. Sai API da ke biye da haruffa biyu, SJ, SL, SM, SN, wannan ma'aunin Amurka ne, duk yadda harafin ƙarshe ya yi gaba a abacada to ma'aunin ya fi sabunta.

Amma wanda ya fi shafar mu masu mashin shi ne JASO, na Japan, kuma shi ne ban taɓa lura da shi ba duk shekarun nan. A mota inji da mansa, giya da nata daban. A irin mashinanmu kuwa litar nan ɗaya tal ita ke wanke fistin, ita ke cikin haƙoran giya suna niƙa ta, ita kuma faifan kulos ke iyo a ciki, ga shi ba ruwa ba lagireto, iska da man nan su ke sanyaya injin. Shi yasa aka ware ma'auni: MA ko MA2 na mashin mai kulos cikin mai, MB kuma na irin sikutan nan marasa giya ne. 4T na nufin inji irin namu, 2T kuma shi ake gaurayawa da fetur, na ƙaramin janareton nan mai hayaƙi da tsofaffin mashina na da.

Na zaga shaguna uku a bakin babbar kasuwa ina juya galan ina karanta bayansa har wani mai shago yace "Malam saya za ka yi ko jarabawa gare ka gobe?"

Laraba, 22 ga Janairu

Juye na biyu, mita 1,910, wato kilomita 1,370 kenan man ya yi. Wata ɗaya da kwana biyu. Tun sati na biyu ya fara duhu, in da maganar dattijon nan na bi da tuni na zubar da kuɗina sau biyu. Ashe baƙin ma alama ce yana aikinsa, akwai sinadarin wanki a ciki da ke kwaso dattin ƙuna ya riƙe shi kar ya manne a jikin ƙarfe, man da ya yi wata a inji ya fito fes kaman yadda ya shiga shi ne abun zargi. Na murza tsakanin yatsu biyu, yana da sauran santsi amma akwai ɗan gara-gara kaɗan. Ƙyalƙyalin nan ya ragu sosai.

Gara-garan ne ya sa bakanike ya buɗe akwatin iska. Ya Salam. Soson da ke tace iskar ya koma launin hanyar fadama, da ya buga shi a gwiwarsa ƙura ta tashi har yaron shago ya yi atishawa. Yace duk ƙurar da ta tsallake soson nan cikin silinda take shiga, ta bi gefen rin ta sauka cikin mai, daga nan kuma man ya zama kaman ana wanke tukunya da yashi. Aka wanke da kananzir, aka matse, aka bari ya sha iska, ya ɗiga masa mai kaɗan ya murtsuke ya mayar. Tsohon mashin ɗina shekara huɗu ina jin sau ɗaya aka taɓa buɗe wurin nan, shi ma dan ɓera ya shiga ne.

Na ƙara layi a littafi: soso duk sati biyu har hazo ya ɗauke.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Mita 3,320. Yaya ya yi wa motarsa sabis ya rage wajen lita ɗaya da rabi a galan, 5W-30, irin mai tsadar nan, yace "ɗauki ka zuba ma mashin, wannan ya fi wanda kake saye nesa ba kusa ba." Na duba baya ba JASO, sai wani zagayen tambari mai cewa man yana rage shan fetur. Na san abun da na karanta a Janairu, na rubuta shi da hannuna a shafi na uku, amma banza ta faɗi ga kuma taki da fetur ɗin injin ban ruwa sun tsotse aljihu. Na kwance noti da kaina a tsakar gida na zuba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

To, banza dai ba ta kai zomo kasuwa ba.

Kwana biyun farko har ina yabo, da asuba bugu ɗaya yake tashi. Jiya na ɗauro buhun taki ɗaya da jarkar fetur zan kai fadama, ina hawowa wani ɗan tudu a giya uku na ja totur, sai inji ya ɗau kuka wuuu amma mashin bai ƙara gudu ba, kaman mutum na gudu a mafarki. Na sassauta ya kama, na sake ja ya sake zamewa. Ga kuma wata ƙara siririya a kan inji in ya yi zafi wadda da babu. Yau da safe na kai wa bakanike, tun ban gama bayani ba ya zaro geji, sandar nan ta auna mai, ya ga yadda man ke ɗiga kaman ruwa yace "wanga man mota na, wa ya ba ka shi?" Nace Yaya. Yace "to ka gai da Yaya."

Bayaninsa ya zo ɗaya da na galan: man motar zamani ana ƙara masa abun santsi dan a rage shan fetur, mota ba ruwanta tunda kulos ɗinta a bushe yake can waje, namu kuwa faifan yana buƙatar ya ciji ɗan'uwansa, in santsi ya yi yawa sai ya riƙa sulɓewa yana ƙonewa. Ya gyara wayar kulos ɗin ma dan ta ɗan yi tsauri, saboda haka ba zan rantse cewa man ne kaɗai mai laifi ba, amma da aka juye aka mayar da 20W-50 mai MA2 na zaga har shataletale na dawo, ba zamewa ba ƙara. Faifai sun tsira. Mita 3,430. Kyautar ta ci min lita ɗaya da kuɗin aiki, ragowar kuma na mayar wa Yaya nace ya fi ƙarfin talaka.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi ya raba tsakiya, zafi ya sauko da gaske, da azahar kujerar mashin ba ta zaunuwa sai ka shimfiɗa ɗankwali. Yanzu na mayar da duba geji al'ada duk Asabar bayan na dawo masallaci da asuba, kafin a tayar, a kafe shi kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai dan in a karkace yake ƙarya geji zai maka.

Yau na tarar ya sauka, bai kai layin ƙasa ba amma ya baro na sama da kusan rabi, a kilomita 630 kacal. Na leƙa ƙasa ba yoyo, salansa ba hayaƙi. Zafi ne da doguwar tafiya, satin nan sau biyu na je Jega, ɗaya har na zarce Aliero sayen albasa, inji mai sanyaya da iska in ya gasu yana ɗan shan mansa. Na ƙara kusan kofin shayi ɗaya ya koma daidai. Sai a lokacin na tuna kwaɓin nan na tsohon mashin da bai cika gwangwani ba. Duk watannin nan ina ɗauka rashin juye ne ya kashe shi, yanzu ina ganin ƙarewa man ya yi ta yi a hankali ba mai dubawa, dan lita ɗaya ce duka-duka, in kofi biyu suka tafi saura nawa?

Tun daga yau akwai ƙaramar gora da ragowar mai a ɗaki bayan ƙofa, na rubuta mata suna da babban baƙi saboda yara.

Talata, 8 ga Afrilu

Wayar mita ta tsinke tun bayan Sallah, ta tsaya a 4,702, ban samu zuwa ba sai yau. Allah ya sa ina rubuta fetur, na san a hannuna lita ɗaya na kai ni wajen kilomita 50, lita biyar na sha a tsakani, saboda haka na ƙiyasta 250 na ƙara. Wato man ya yi kusan 1,500. Aka sa sabuwar waya aka yi juye.

Lissafin fetur ɗin nan ne ya warware min gardamar Disamba. Ɗan kabu-kabun nan mai juyen Juma'a yana rumfar, shi mitarsa ta mutu tun bara bai ma damu ba, na tambaye shi lita nawa yake sha a rana yace uku zuwa huɗu in kasuwa ta yi kyau. Na buga a waya, kilomita 150 zuwa 200 kenan kullum, a sati ya haura 1,000, ga goyon mutum biyu wani lokaci da buhu, ga tsaye-tsaye inji na aiki a rana. Ashe satinsa guda shi ne sati huɗu zuwa biyar ɗina. Gaskiyarsa ce da yake yi duk Juma'a, kuma ni in na bi shi asara ce kawai. Bakanike da yace sati biyu shi ma yawancin masu zuwa wurinsa ƴan haya ne, da kwana suke ƙirga tunda mita goma in ka duba a rumfar da ƙyar uku ke motsi. Na faɗa musu haka, bakanike ya yi dariya yace "to Malam kai ka zo da biro, mu da kunne muke ji."

Wani abu kuma da ya faru yau. Na tsaya wani shago a hanya dan na ga farashinsa ya yi ƙasa da kusan naira dubu, galan iri ɗaya da wanda na saba. Da na riƙe sai na ji murfin yana juyawa ba tare da zoben ƙasan ya tsinke ba, takardar jiki kuma ta ɗan karkace launinta ya kwanta. Nace a buɗe in gani, mai shago yace in an buɗe na saya. Na aje na fita. Ana tara tsofaffin galan a sake cika su da ɗanyen mai marar sinadari ko ma tsohon mai da aka tace, shi yasa yaran nan ke rububin galan in an gama juye. Nawa yanzu sai na huda shi da sukundireba kafin in bari. Man awo na cikin kwalabe da ake jerawa a bakin titi kuwa ban ce duka gurɓatacce ba ne, amma kwalba ba ta da bayan da zan karanta, kuma a buɗe take shan ƙura tun safe. Gidan mai ko babban dila nake zuwa, in biya ƙarin.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na so in ja wannan man har 2,000 in ga abun da zai faru. Bai kai ba. Yankan shinkafa ya kama, kullum ina hanyar fadama, wani zubin da buhun shanshera a baya a giya ɗaya da biyu cikin rairayi, inji na ta gurnani ba iskar kirki da za ta buge shi. Tun wajen 1,600 na fara jin giya ta yi tauri, in na tsaya neman furi sai na yi ta taka sama da ƙasa, ƙarar inji ma ta bushe. Yau a 1,750 na haƙura, mita 6,452. Man da ya fito ya tsinke, yana zuba shar kaman ruwan shayi, ga ɗan warin fetur. Sau biyu na yi masa ƙari a tsakani. Aka ciro ragar tace mai aka wanke, ba wani datti sosai, ƙyalƙyali kuwa babu ko ɗaya. Ina hawa da sabon mai giya ta koma shiga tik tik da ɗan yatsan ƙafa.

Lita ta koma 5,000.

Tsohon man na kwasa a gora na kai gida, maman yara na so a shafa wa azarar rumfar awaki saboda gara. Na dai hana maƙwabcina da ya zo roƙo zai shafa wa jakinsa a gyambo, nace ya je wurin malaman dabbobi, guba ce. Kuma ba a zubar da shi kusa da rijiya ko a fadama, ɗan kaɗan ke ɓata ruwa mai yawa.

Lahadi, 22 ga Yuni

Ruwan daren jiya ya cika wata kwarya a hanyar gona, na ga sawun wani ya wuce nace nima bari in bi. Ruwa har kusan kan inji, a tsakiya ya mutu. Allah ya taimake ni ban sake buga kik ba, dan in ruwa ya shiga silinda ka matsa masa sandar fistin ce ke lanƙwashewa. Wasu yara masu kiwo suka kama min muka turo shi tudu, aka cire fulogi aka buga kik ruwa ya yi tsartuwa ta ramin, aka matse soso aka shanya a kan dutse. Ya tashi da ƙyar na lallaɓo gida a hankali.

Da na zaro geji man ya koma kalar kunun gyaɗa. Mita 7,760, kilomita 1,300 kawai ya yi, amma mai da ruwa ba a jira da su lissafi. Bakanike ya juye, ya zuba wani mai arha aka bar inji ya yi aiki minti goma ya ɗumama, ya sake juyewa har yanzu da ɗan fari-fari, sannan aka zuba na gaskiya. Lita biyu rana ɗaya. Yace in duba gobe da jibi, in na ga farin kumfa a murfi in dawo.

Asabar, 12 ga Yuli

Ba kumfa. Mita 8,470, geji na nan kusa da layin sama, tunda sanyin damina ya shigo shan man ya ragu, sati uku ban yi ƙari ba. Soso ma da na buɗe tsaf yake.

Ga inda na tsaya a yanzu, da irin tafiyata da irin wannan man na 20W-50 mai MA2: hunturu da bazara, lokacin ƙura da zafi da dakon buhu, kilomita 1,500. Damina in ban sake yin wautar shiga kwarya ba zan gwada 1,800 in ji ko giya za ta yi ƙorafi. In kuma aka yi wata uku ban cika lissafin ba, kaman in tafiya ta kama ni mashin ya zauna, zan juye duk da haka dan mai na tara raɓa a zaune. Geji duk Asabar.

Yaya ya kira ɗazu wai zai saya wa babban ɗansa mashin na zuwa makaranta a Kalgo, in turo masa hoton shafukan littafin nan. Na ɗauka duka na tura har da na 27 ga Fabrairu, har yanzu dai bai ce komi a kai ba.

Na yanki farin salatif na manna a ƙarƙashin kujera na rubuta 9,560. Sarƙa ta fara ƙara tana taɓa murfi, ita ce ta sati mai zuwa in albashi ya shigo.